Wasan da Ɗan Wasa ke Cin Kansa Tara

Ƙannena samari da 'yan mata na Gwarzo da Kabo, na san da wuya a samu wanda ya taɓa riƙe sandar golf a cikinku. Babu filinsa a Getso ko Kutama, babu a Garo ko Gude. Mai son ganinsa da ido sai ya hau mota ya bi titin Gwarzo, ya wuce Rimin Gado da Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa gari har can wajen Bompai, inda filin golf na Kano yake. Masu filin suna lissafa kafuwarsa daga 1908, shekara biyar kacal bayan Turawa sun ci Kano a 1903, shi ya sa yake cikin mafiya tsufa a Nijeriya. Ni kuma ba kiran ku nake ku koyi wasan ba. Abu guda nake so mu ciro daga cikinsa mu duba da kyau, domin ya yi ƙaranci a filayenmu na ƙwallo da ɗakunan jarrabawa da rumfunan kasuwa. A golf, wanda ya karya doka shi ake jira ya fara faɗa, kuma da bakinsa yake ƙara wa kansa tara.

Kada ku ɗauka 'yan golf sun fi sauran jama'a tsoron Allah ne. Yanayin wasan ne ya tilasta haka. A ƙwallon ƙafa mutum 22 ne a fili guda, alƙali na gudu a tsakaninsu, masu tuta biyu na gefe, ga 'yan kallo sun yi da'ira. A golf kuwa rami 18 ne a warwatse cikin makeken fili mai itatuwa da kwazazzabai, ɗan wasa zai taka kilomita shida zuwa bakwai kafin ya gama, kuma a manyan gasanni mutum 156 ke shiga, a rarraba su uku-uku, kowane rukuni yana can nasa lungu. Ƙwallon kanta ba ta kai ƙwan kaza girma ba. A ce ta faɗa cikin doguwar ciyawa, mutum ya sunkuya ya saita sandarsa a bayanta, ciyawar ta lanƙwasa, ƙwallon ta ɗan gusa da faɗin ƙwayar dawa. Wa ya gani? Shi kaɗai. Tunda kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke cin gasa, bugu ɗaya tak na iya raba mutum da kofi. Tun asali masu wasan sun gane cewa ko dai a rataya amanar doka a wuyan kowane ɗan wasa, ko a haƙura da wasan ɗungurungum. A 1744 aka fara rubuta dokokinsa a Leith, kusa da Edinburgh ta ƙasar Sikotilan, guda 13. Yau sun zama 25, hukumar R&A da ke St Andrews da USGA ta Amurka ke kula da su tare, amma ta farkonsu tana nan kan ginshiƙin da aka fara da shi: ka buga ƙwallonka a inda ka same ta, ka yi wasa da filin yadda ka tarar da shi, in ka saɓa ka hukunta kanka.

Hukuncin kuma hawa-hawa ne, a nan hikimar take. Ƙaramin kuskure, kamar motsa ƙwallo ba da niyya ba a cikin ciyawa, tararsa bugu ɗaya, ka mayar da ita inda take ka ci gaba. Wanda ya fi shi nauyi, kamar karya reshen da ya tare maka hanya ko tambayar abokin takara wace sanda ta dace, bugu biyu ne, ko asarar ramin gaba ɗaya idan karo ne na mutum da mutum. Can ƙarshe akwai kora daga gasa. To, ku dubi abin da ke kai mutum ga kora. Dokar ta ce wanda ya san ya yi laifin da ke da tara, ya yi gum da bakinsa da gangan, korarre ne, ko da tarar da ya ɓoye bugu ɗaya ce. Haka in 'yan wasa biyu suka haɗa baki cewa yau mu yafe wa juna doka kaza, dukansu an kore su. Ashe wasan bai ɗauki kuskure abin kunya ba, ya sa masa farashi ne kawai, mai sauƙin biya. Abin da ba ya yafewa shi ne rufa-rufa.

Labarin da 'yan golf suka fi ba 'ya'yansu shi ne na Bobby Jones. A gasar US Open ta 1925 a Worcester, jihar Massachusetts, a rami na 11 na zagayen farko, ya ga ƙwallonsa ta motsa a cikin ciyawa. Abokin zagayensa Walter Hagen bai gani ba, jami'an gasar ma ba su gani ba, har suka yi ta ƙoƙarin lallashinsa ya bar zancen. Ya kafe sai an rubuta masa bugun tara. Da aka gama gasar sai ga shi sun yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka yi raba gardama na rami 36, Macfarlane ya ci shi da bugu ɗaya. Da mutane suka zo yabonsa bai ji daɗi ba, ya nuna musu cewa yabon nan daidai yake da a yaba wa mutum don bai fasa banki ba. Wannan martanin ya fi aikin kansa muhimmanci a wurina. Al'ummar da take mamakin mai gaskiya, har ta ɗauki hotonsa a jarida don ya mayar da kuɗin da ya tsinta, ta riga ta faɗi abin da take tsammani daga sauran mutanenta.

Wani zai ce wannan tarbiyyar Turawa ce. Ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin jakar kowane ɗan Islamiyya. Duk wanda ya karanta Ahalari ya sha babin kabli da ba'adi: ka manta zaman tahiyar farko, ka yi sujada biyu kafin sallama, ka ƙara raka'a da mantuwa, ka yi su bayan sallama, ka ƙara da gangan, sallar ta ɓaci. Salla ta fi ƙarfin a jera ta da wasa, tsarin kawai nake nuna muku. Mai salla shi kaɗai a bakin gona babu mai ƙirga masa raka'a, shi ke gane raginsa da ƙarinsa, shi ke gyarawa, kuma ya san bambancin mantuwa da ganganci. Kun taso ke nan da dokar da mutum ke zartar wa kansa. Tambayar ita ce me ya sa wannan ilimi ke tsayawa a kan dadduma, ba ya bin mu zuwa fili. Yaron da ba zai iya barin kabli ba, shi ne da la'asar zai taɓa ƙwallo da hannu a gaban raga, ya rantse da Allah ƙirjinsa ne.

Sai batun fassara doka, wanda shi ne ainihin inda ake gane mutum, domin doka ba ta iya hango kowane hali. Dokokin golf sun yi sassauci a wurare da dama. Idan ƙwallonka ta faɗa cikin ruwan sama da ya kwanta, ko ramin gafiya, ko wurin da ake gyara, za ka ɗauke ta ka sake ta daga tsayin gwiwarka a wuri mafi kusa, ba tara, muddin ba ka matsa kusa da rami ba. Idan maciji ne ko ƙudan zuma a kusa da ita, nan ma an ba ka damar kaucewa kyauta. Amma ƙaya ba ta ciki, duk da ita ma tana huda fata. Dalili kuwa a fili yake: ƙaya da sarƙaƙiya ɓangare ne na wahalar da ka yarda za ka fuskanta tun da ka shigo filin, maciji kuwa ba da shi aka tsara wasan ba. Wanda ƙwallonsa ta shige ƙaya yana da mafita, sai dai ta kuɗi ce. Shi kaɗai ke da ikon cewa ba ta buguwa, ya karɓi bugun tara ɗaya, ya fito da ita. Masu rubuta dokar kuma sun san halin ɗan Adam, sai suka toshe wata ƙofa. Mutumin da ƙwallonsa ta maƙale a tsakiyar sarƙaƙiya, inda ko ya ya yi ba zai iya bugawa ba, ba zai nuna wani ramin gafiya da ke gefen ƙafarsa ya ce a fitar da shi kyauta ba. Wannan fakewa da guzuma ne a harbi karsana, kuma an hana. Ma'aunin da ke ƙarƙashin duk wannan mai sauƙi ne. Ka tambayi kanka don me aka kafa dokar, sannan ka tambayi kanka ko za ka yarda da fassararka idan abokin takararka ne zai ci moriyarta. In kuma abin ya rikice, babu alƙali a kusa, an ba ka hanya: ka faɗa wa abokan zagayenka wacce kake so a lissafa, ka buga ƙwallo biyu, ɗaya bisa kowace fahimta, ka ƙarasa ramin, ka kai wa kwamiti maganar kafin ka miƙa katin makinka. Ba a tsayar da wasa, ba a cin kwalar kowa.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara, cewa dokokin nan wani lokaci kansu a tsaye yake, ba sa duban adalci. Masu wannan magana suna da shaida. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina ya ci rami na 17 da bugu uku a gaban dubban mutane da na'urorin talabijin. Mai rubuta masa maki, Tommy Aaron, ya rubuta huɗu. De Vicenzo ya sa hannu bai duba ba. Dokar kuwa ta ce in ka sa hannu kan adadin da ya gaza na gaskiya an kore ka, in ya haura kuma shi zai tabbata. Haka ya rasa damar raba gardama da Bob Goalby, a ranar da ya cika shekara 45. A 2017 kuma Lexi Thompson tana kan gaba a gasar ANA Inspiration, saura rami shida, aka zo aka ce mata an ci ta tarar bugu huɗu, saboda wani mai kallo a gida ya aiko saƙo cewa jiya ta mayar da ƙwallonta ta goce kaɗan daga alamar da ta sa. Ta ci gaba da wasa tana hawaye, ta kamo, amma Ryu So-yeon ta Koriya ta Kudu ta doke ta a raba gardama. Ni ma ina ganin an tsananta wa Thompson. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Babu wanda ya fasa mota, babu wanda ya bi jami'i da gudu. An karɓi hukuncin, aka yi ta muhawara, daga farkon 2018 aka daina sauraron ƙorafin masu kallon talabijin, aka kuma soke ƙarin bugu biyun da ake ɗora wa wanda bai san ya yi laifi ba. A 2019 aka yi wa dokokin garambawul, har lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo aka rage daga minti biyar zuwa uku. Dokar da ta kama De Vicenzo kuwa an bar ta, kuma daidai ne a bar ta, domin wanda ba ya karanta abin da zai sa wa hannu wata rana gonar gado zai sa wa hannu. Shi kansa bai ɗora wa Aaron laifi ba, kansa ya zarga.

Ladubban filin ba su cika ɗauke da tarar bugu ba, amma da su ake auna mutum. In wani zai yi bugu kowa ya yi tsit, ba motsi, ba a tsaya inda inuwa za ta faɗa kan hanyar ƙwallonsa. In ƙwallo ta nufi inda mutane suke, dole mai bugun ya ɗaga murya ya yi gargaɗi. Ana so kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa 40, kuma rukunin da ke jan ƙafa ya ba na bayansa hanya. Wanda ya fi burge ni shi ne na kwarin yashi. Mutum ya shiga ya buga, ƙafafunsa sun tona wurin, sandarsa ta yi gurbi. Kafin ya wuce sai ya ɗauki manjagara ya share sawunsa tas, ya baje yashin ya koma sumul. Shi dai ya riga ya wuce wurin, ba zai dawo ba yau. Wanda zai amfana wani ne can baya da bai sani ba, wataƙila ma shi ne zai ƙwace masa kofin. Ku gwada wannan da yadda muke barin bakin rijiyar burtsatse, ko filin makarantar firamare bayan an tashi daga wasa.

Na san abin da ke bakin wasunku: wasan masu kuɗi ne, cikakken ciki ke kawo ladabi. Rabin maganar gaskiya ne. Turawan mulki sun kafa kulob-kulob ɗin nan don kansu ne, kuma ciyawar da golf ke so tana shan ruwan da mai noman rani zai fi buƙata. Shi ya sa shekaru da yawa filayen ƙasar nan, maimakon ciyawa a kewayen rami, yashi ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, a riƙa jan buhu ko guntun kafet a kai kafin kowane bugu. Amma wa ke jan buhun, wa ke saɓa jakar sanduna a kafaɗa awa huɗu cikin rana? 'Ya'yan talakawa ne, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya ta wannan ƙofar suka shigo. Su ne sukan fi iyayen gidansu sanin doka. Dokar ma ta ɗaure su tare, domin laifin mai ɗaukar jaka a kan ɗan wasa yake faɗawa. A gasar Open ta 2001 a Ingila, Ian Woosnam yana cikin na gaba a ranar ƙarshe, sai mai jakarsa ya gano sanda 15 ce a ciki, alhali 14 aka yarda. Ba a ɓoye ba, aka ci shi bugu biyu, kofin ya tafi hannun David Duval. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan ƙa'ida a gida. A watan Afrilun 2022, bayan hargitsin da aka yi a wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha, hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa. Masu hargitsin suna ganin kishin ƙungiya suke yi.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ba a cika furtawa a gaban manya ba, cewa a ƙasar nan mai gaskiya shi ne wawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, gaskiya tana da tsada a ranar da aka faɗe ta. Jones ya rasa kofi. A 2010 Brian Davis ɗan Ingila yana raba gardama da Jim Furyk a Harbour Town, kyautar na ɗaya ta haura dala miliyan 1, ya kira jami'i da kansa ya ce yana jin sandarsa ta shafi wani busasshen kara yayin da ya ɗaga ta. Sai da aka rage gudun hoton kafin a gani. Ya sha tarar bugu biyu, kuma bai taɓa cin gasa a babban rukunin ƙwararru na Amurka ba. Ba zan kuma ce babu maguɗi a golf ba, akwai masu tura ƙwallo da ƙafa in an juya baya. Amma ku auna ɗaya gefen. A 1985 an zargi wani matashi ɗan Fiji, Vijay Singh, da rage bugu ɗaya a katinsa a gasar Indunusiya. Ya musanta, har yau yana musantawa, amma an dakatar da shi, ya koma koyar da wasa a tsibirin Borneo. A Legas ya farfaɗo, inda ya ci gasar Nigerian Open a 1988 da 1989, a 2004 kuma ya ture Tiger Woods ya zama na ɗaya a duniya. Duk da haka, da wuya a rubuta tarihinsa ba a tono zancen katin nan ba. Zargi ne fa kawai, a kan bugu ɗaya. Mu kuma namu ya wuce zargi. A 1989 FIFA ta haramta wa Nijeriya gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar 'yan wasa, ta kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2013 ƙananan ƙungiyoyi biyu masu neman hawa rukuni na gaba suka ci wasanninsu 79 da nema da kuma 67 da nema a rana guda, duniya ta yi mana dariya, aka haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada, waɗanda suka ci da waɗanda suka buɗe raga. Har gobe yaron da shekarunsa na gaskiya ne, in ya je gwaji waje, da ido biyu ake duban takardarsa. Bashin da wasu suka ci shi yake biya.

Saboda haka ga roƙona ga kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyin unguwa da masu shirya gasar hutu da ta Salla, daga Lakwaya har Durun. Kafin a busa usur na farko, ku zauna ku rubuta dokokinku a takarda, kowane kyaftin ya karanta ya sa hannu. Ku rarrabe ƙaramin laifi da babba. Ku sa hukuncin wanda ya faɗa da bakinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan na wanda aka kama, ko ɗan wasan haya ne aka shigo da shi, ko shekaru aka rage. Ku rubuta cewa abin da magoya baya suka yi ƙungiyarsu za ta biya. In gardama ta tashi a ƙarasa wasa, a kawo ƙorafi gaban kwamiti washegari, lokacin da zuciya ta huce. Kai kuma ɗan wasa, ranar da ƙwallo ta taɓa ƙafarka kafin ta fita, alƙali ya ba ku jifa bisa kuskure, ka miƙa wa abokin karawarka ita. 'Yan ƙungiyarka za su yi maka tsawa a ranar farko, ka daure, ka sake yi a wasa na gaba.